Jaratu da man birkin motar Isaka

A shekarar 1938 Isaka ya fara sanin Jaratu, ran kasuwar Madawa. Shi ne shofer ɗin kamiyon, babbar motar kayan wani kantin Turawa masu sayen fata da gyaɗa, yana zirga-zirga tsakanin Madawa da Buza da Keita. Ita kuwa gwauruwa ce da ta ba hamsin baya, tana zama gindin bagaruwa da ƙwaryar man gyaɗa da faifan ƙuli-ƙuli. Ya miƙa mata kwalba da hannu baƙi ƙirin. Ta ƙi karɓa sai da ya wanke.

"Maina na mutane ne, ɗana, ba na ƙarfe ba," in ji ta.

Tun daga ranar yake kiranta Gwaggo. Duk sanda ya sauko daga Keita sai ya tsaya wurinta, ta yi masa tsiya a kan warin esansi, wato fetur, ya ce ƙulinta zai iya fasa gilashin mota. Manta ba ya ɗaci, ba ya laka a gindi. Sau biyu take tace shi da tsumman fari, ba ta taɓa sayar da na jiya a matsayin na yau ba.

Da yaƙin duniya ya yi tsanani aka rufe iyaka, kayan mota suka daina zuwa. Kamiyon ya koma cin gawayi maimakon esansi. A watan Fabrairu na 1942 gwangwanin man birki na ƙarshe ya ƙare. Wanda bai san gangaren da ke tsakanin tudun Keita da kwari ba, ba zai gane abin da wannan ke nufi ba: dutse ne da kwana, da kayan tan uku a bayanka.

Baturen kantin ya ce a zuba man inji. Isaka ya ɗauko wata tsohuwar robar birki, ya jefa ta cikin kofin man inji, bayan kwana uku ya kai masa. Robar ta kumbura ta yi laushi kamar dafaffen kabewa. Robobin da ke cikin motar su ne na ƙarshe a ƙasar duka. Ya gaya wa baturen abin da wani tsohon makanike ya koya masa a Damagaram, cewa man birki ba komai ba ne illa man zurman da alkol, rabi da rabi, domin zurman ba ya cin roba. Baturen ya ba shi mako guda, da lita ɗaya ta alkol irin wanda ake wanke miki da shi. Ya ce babu wani bayan wannan.

Da Isaka ya kai mata maganar, Jaratu ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Zurman? Abin da aka shafa ma raƙumi mai ƙazwa? Motakka ƙazwa taka yi?"

"Gwaggo, rabin lita nika so, mai tsabta kamar naki."

"Kamar nawa dai babu. Amma za ka samu."

Ta bi bayan gidajen Madawa ta tsinto 'ya'yan zurman, ta ɓare, ta daka, ta dafa, ta kwashe man da ya taso. Rana ta shida ta kawo kwalba cike har wuya.

Isaka ya auna a gaban baturen, ya zuba rabin alkol a kai, ya girgiza. Ya kamata ya fito garau kamar shayi marar madara. Sai ya yi fari-fari, da aka ajiye shi kuma ya rabu gida biyu. Isaka ya shinshina bakin kwalbar, ya ji ƙanshin da ya sani shekara huɗu. Baturen ya tambaye shi wa ya kawo man. Isaka ya ce shi ne ya yi kuskuren awo. A wancan zamani maganar bature guda ta isa a rufe mutum. Aka ba shi kwana takwas a gidan kaso, aka kuma ce in ya fito motar ba ta hau Keita ta sauko da fatu ba, za a ɗauko wani shofer.

Da safe ake fito da 'yan kaso ɗiban ruwa. A rana ta biyu Jaratu ta same shi a bakin rijiya, ta kawo masa fura.

"Gwaggo, mi kinka zuba cikin kwalba?"

Ta dube shi, ta dubi ƙasa.

"Ba ta cika ba. Kamar yatsa ukku ya rage. Ni ban taɓa ba mutum kwalba da wuyanta wofi ba, balle kai. Sai nac cika maka da na gyaɗa, na farkon matsa. Gyara ce."

"Gyara," in ji Isaka. Ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi. "Gwaggo, mota ba ta san gyara ba. Na gyaɗa ba shi haɗuwa da alkol."

"To don mi ba ka ce musu ni ce ba?"

"Su rufe ki, wa za shi sai min ƙulin fasa gilashi?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi alkol nawa ya rage, ya ce rabin lita, awo guda ke nan. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ba ta sake zuwa rijiyar ba.

Kwana shidan nan sun yi wa Isaka tsawo. Ya san ta tsince zurman ɗin Madawa tas. Yana ɗaukar tulu yana tunanin matarsa Cima da 'ya'yansu uku, da ranar da wani zai zo ya zuba man inji ya kashe motar cikin mako guda. Ya ɗauka kunya ce ta hana tsohuwar fitowa, bai kuwa ga laifinta ba.

Ran da aka sake shi, da hantsi, Cima ta miƙo masa kwalba a naɗe da tsumma. Man ciki ya tsaya ƙasa da wuya sosai. Ya kai garaji, ya auna, da ƙyar ya kai rabin lita. Ya zuba sauran alkol, ya girgiza, ya ɗaga wa rana. Ana iya ganin reshen itacen bedi ta cikinsa. Washegari ya hau Keita, ya ɗora fatu, ya sauko gangaren birki na kamawa a kowace kwana. Ya ci gaba da tuƙa motar har shekara biyar bayan haka, da robobin nan dai.

Sai daga baya Cima ta ba shi labari. Jaratu ta tafi Sabon Gida a ƙasa, ta bi lambunan fadama ɗaya bayan ɗaya tana roƙon zurman ɗin da ke jikin shinge. Ta sayi sabuwar tukunya da sabon turmi, don kada ko ƙanshin gyaɗa ya taɓa man. Ƙaiƙayin 'ya'yan ya kumbura mata idanu da hannuwa. Ta roƙi Cima kada ta faɗa masa.

Ran kasuwa ya tsaya gindin bagaruwa. Hannuwanta na saɓa har yanzu, ta ɓoye su cikin zane. Ya buɗe baki zai yi godiya.

"Tahi ka wanke hannu tukuna," in ji ta. "Na nawa kaka so?"