Zobban da Suka Ƙi Tsayawa

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi yana wanke gilashi a ɗakin gwaji na ƙasan bene. Kowa Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Aikinsa ya haɗa gilashi biyu da ba su fi farce ba, ya ɗiga ruwan kiristal a tsakaninsu, irin wanda ke cikin fuskar agogo mai nuna lamba, ya kafa gaban hasken leza. In hasken ya ratsa, sai ya zana korayen zobba a bango.

Da an ƙara wa hasken ƙarfi, sai zobban su hau rawa. Su buɗe, su tsuke, su dakata, su sake, ba kai ba gindi. Tsohon Farfesa, Allah ya jiƙansa, bai san mai laifi ba sai Kawu. "Ƙura ce, ko ka taɓa tebur. Sake wankewa." Kawu ya sake. Ya kashe fanka, ya daina tari a ɗakin, ya koyi sanɗa da safa kamar ɓarawo. Duk da haka sau biyu Farfesa ya sa hannu aka sa masa takardar gargaɗi a fayil, da kalmar sakaci ɓaro-ɓaro. Kalmar nan ta ci masa rai, kuma ba ya so ya tafi gida ya bar ta a kan sunansa.

Saura wata guda ya ajiye aiki aka kawo sabuwar Dakta. Ranar farko zobban suka fara halinsu, Kawu ya miƙa hannu zai cire gilashin.

"Kawu, tsaya! Ina za ka kai shi?"

"Wanki, ranki ya daɗe. Ya ɓaci."

"Wane irin ɓaci? Ai wannan na zo nema! Hasken ne ke juya ƙwayoyin ruwan, su kuma su karkatar da hasken, kowa na bin kowa har tsari ya watse. Gilashi mai datti ba ya yin rawar nan da kyau haka. Nawa ka zubar irinsa?"

Kawu ya laluba kujera ya zauna. Kwando nawa zai ce? Ko murna bai ji ba, gajiya ce kawai ta sauko masa tun daga wuya.

"To, ki rubuta wa hukuma su cire min gargaɗin nan," ya ce.

Ta rubuta kuwa, shafi biyu. Ya hau bene da takardar yana hutawa a kowane hawa. Magatakarda ya karanta, ya juya fayil, ya sosa ƙeya.

"Wallahi Kawu na ji maka. Amma ƙa'ida, wanda ya sa hannu a gargaɗi shi ke janye shi."

Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Ba komai, ɗana. In na same shi can, na ba shi."