Gwaggo Lubabatu da Robar Hancin Lama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Asabar, 14 ga Sha'aban 1445, Allah ya karɓi ran Gwaggo Lubabatu, ƙanwar mahaifin mijina Hamad, a gidanta da ke unguwar Waziriyya. Ciwon bai daɗe ba. Mu da ta bari ne muka daɗe da gajiya, kuma ita ce take riƙe mana rabin gajiyar.

Gwaggo, wasu za su faɗi alherinki tun daga zamanin Karantina, kafin a rushe unguwar a watsa mu. Ni abu ɗaya zan faɗa, shi ne zamanki da 'yata Lama.

Bakwaini aka haifi Lama, da robar abinci a hanci muka fito da ita daga asibiti. Ta shekara biyu ba ta san ɗanɗanon komai ba, cokali ma in ya kusanto ta sai ta hau kakarin amai. Da likita ya ce a fara koya mata ci da baki, sai kika iso da kwanon kunu a lulluɓe, kina ta murmushi. Ke da kika yi wa 'ya'yanki da na maƙwabta ɗura, kin ɗauka aikin yini guda ne. Na gaya miki likita ya hana, don kunun na iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhunta. Na zaci za ki yi fushi. Kika daɗe kina kallon kwanon, sannan kika shanye kununki da kanki, kika ce, "To, ku koya mini naku."

Tun daga ranar kusan kullum kina tafe da hantsi. Ki shimfiɗa leda, ki zuba faten dankali a faranti, ki zauna kina ci a gabanta kina santi kamar wadda aka ba naman Salla. Ba kya roƙonta, ba kya miƙa mata. Na lura kina danne hannunki na dama a ƙarƙashin cinya in kin gama loma, na tambaye ki dalili. Kika ce, "Ya saba da ɗura, ya binti, 'yata. In na sake shi zai ba ni kunya."

Matan da ke zuwa dubiya ba su bar mu mun huta ba. Wata ta ce, "A toshe mata hanci a ɗura mata, halas, shi ke nan, haka aka yi mana duka." Kika ce mata, "Mu da aka yi wa mun rayu, waɗanda suka shaƙe ba sa nan balle su ba da labari." Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar da Lama ta lashi yatsanta da kanta, kin yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta kai tana cin 'yan cokula, aka rage madarar roba, daga baya aka cire robar gaba ɗaya. Sai zazzaɓi ya zo, ta rufe baki, nauyinta ya zube, aka mayar. Haka muka yi ta yi, a cire a mayar, har na daina gaya wa mutane in an cire. Akwai ranar da na dawo daga asibiti na zauna a ƙofar ɗaki da abayata na ce miki na gaji, a bar ta da robar har ta girma. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kika ce, "Ma'alesh, ba komai, je ki kwanta. Bakin bai manta ba, hutawa yake yi." Na yi barci, ke kuma kika zauna da ita.

Kin rasu babu roba a hancinta, wannan kam na gode wa Allah. Amma tun da aka fita da ke ta daina ci. Na zauna a gabanta na ci, ta kalle ni ta kau da kai, don ni ban iya ɓoye roƙon da ke fuskata ba. Ranar Laraba aka mayar da robar. Likita ya tambaye ni ko za mu sake gwadawa bayan Salla, ya kuma tambayi wa zai riƙa zama da ita. Na ce ni ce. Ban san ko zan iya ba, Gwaggo, na dai faɗa.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki Thamer da Madina, da jikokinki, da Hamad wanda kika riƙa kamar ɗan cikinki. Allah ya jiƙan ki, ya yafe kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya ciyar da ke daga 'ya'yan itacen Aljanna. Duk wanda ya karanta wannan ya yi miki addu'a, ina roƙonsa ya ƙara da sunan Lama, Allah ya sake buɗe mata baki ta ci.