Hannun Lalle a Cikin Siminti

Assalamu alaikum. Masu turo min saƙo kuna tambaya, "Maman Ilham, kin daina lalle ne?" ga amsarku yau. Ban daina ba, karyewa na yi.

Wata rana ana ruwa na sauko daga keke a bakin titin jirgi, nan Agege, santsi ya kwashe ni, na dafa ƙasa da hannun dama. Kafin in isa gida wuyan hannun ya kumbura kamar burodi.

A asibiti aka ɗauki hoto, ƙashi ya karye. Aka yi min allura, aka ja hannun aka daidaita, aka naɗa filastar nan da muke ce wa siminti. Likita ya ce, "In bai goce ba, babu tiyata. In ya goce, sai an sa ƙarfe."

Na tsorata ƙwarai. Da hannun nan nake zana wa amare, da shi nake ciyar da 'ya'yana. Kuɗin hoto da magani kaɗai sun jijjiga ni, balle tiyata.

Sai na tafka wauta. In na zo alwala, hankalina ba ya kwanciya sai ruwa ya taɓa fata, don haka nake karkata buta ina tsiyaya shi ta bakin simintin. Ya fara laushi, ya fara wari.

Da na koma asibiti, nas ta danna da yatsa, ya lotsa. Ta harare ni. "Madam, you dey bath am?" Wai ko wanka nake yi masa.

Aka sake hoto. Ina zaune a benci ina jira, sai ga sakamako ya fito. Ƙashin ya ɗan motsa, amma da sauran dama. Aka sake sabon siminti.

Yayata, Anti Rabi, ta ja ni wurin malamarmu ta Islamiyya. Malama ta ce, "Shafa kawai za ki yi a kai, 'yata. Addini bai ce ki nakasa kanki ba."

Daga ranar na ɗaura ɗamara. Wanka da leda, barci hannu a kan filo, yatsu kullum cikin motsi. Bikin da ya zo na ce a ba wata, ko da zuciyata na ƙuna.

Da aka cire, hannun ya rame, ya sandare. Na dage da motsa shi yadda aka koya min, ina gwada zane a ƙafar Anti Rabi. Ta duba ta ce, "Ke, wannan fure ne ko taliya?" Na goge, na sake.

Don Allah, in kun karye ku je a yi hoto. Kada ruwa ya shiga siminti. In yatsu suka yi sanyi ko suka canja launi, ku koma asibiti a take. Abin da ya shige muku duhu, ku tambaya.

Alhamdulillahi. Likita, nas mai harara, Malama, Anti Rabi, Allah Ya saka muku da alheri.

Asabar ɗin nan na zana wa amarya tun daga yatsu har gwiwar hannu, hannuna bai yi rawa ba. Sai da na fito waje na yi kukana.