Shekara Biyu Na Hana A Yi Wa Mahaifiyata Ta'aziyya

Edita, lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da kammala jami'a ba, ina zaune da mahaifiyata a gidan haya a Kwamba. Ni mutum ne da ba ya son faɗin abin da bai tabbatar ba, kuma a wancan lokaci ina ganin babu wata ɗabi'a da ta fi wannan kyau.

Yayana, wanda shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, gyaran janareta yake yi a Madalla kafin ya samu aiki a ɗakin injin wani ƙaramin jirgin ruwa mai dakon kaya tsakanin Legas da gaɓar Kamaru. Wata rana da hantsi, ina jin Talata ce amma ba zan rantse ba, wani abokin aikinsa mutumin Kalaba ya kira ni. Cikin 'yar Hausar da ya koya a wurin yayana, ya shaida mini cewa guguwa ta kifar da jirginsu, an tsamo shi da wasu, amma yayana yana ƙasa wajen inji sa'ad da ruwa ya shiga. Yana kuka, ni kuwa ina jera masa tambayoyi: ko ya ga gawa, ko akwai takarda. Ya ce bai gani ba.

Da kawunmu ya zo domin a shimfiɗa tabarmi a yi zaman makoki, sai na tsaya kai da fata cewa ba za a yi ba. Hujjata ita ce kamfanin jirgin cewa ya yi ba a ga yayana ba, bai ce ya rasu ba. Kawu ya tambaye ni ko jira nake teku ta buga mini hatimi, sannan ya juya ya nemi ra'ayin Inna. Ita kuwa ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na ɗauki shirunta a matsayin goyon baya, kawu ya naɗe tabarminsa ya tafi.

Shekara biyu na yi ina rubuta wa kamfanin wasiƙu, har Legas na je sau ɗaya. Maƙwabta suka rasa gaisuwar da za su yi wa Inna, sai dai su tambaye ta ko an ji wani labari. Wata malamar makaranta Kirista da muke haya tare ta sha kawo mata abinci, ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta yi magana, sai ta gan ni ta fasa.

Goggonmu ce ta farkar da ni. Ta zo daga ƙauye, ina nuna mata tarin takarduna, sai ta ture su gefe. Ta tambaye ni ko na taɓa jin Inna ta kira sunan yayana tun da aka haife ni. Ban taɓa ji ba. Ta ce to matar da kunyar ɗan fari ta hana ta ambaton sunansa yana raye, da wane baki za ta nemi a zauna mata makokinsa? Ta ce Inna ta sallama tun ranar farko, jira kawai take wani ya yi mata gaisuwar mutuwa ta samu damar yin kuka, ni kuma na tare ƙofa.

Na sami Inna a tsakar gida bayan la'asar, na durƙusa, na ce, “Inna, ya haƙuri?”

Ta dube ni ta ce, “Da godiya. Ka daɗe ba ka zo ba, auta.” Sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ban taɓa jin kukanta ba sai ranar.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi, kuma malamar nan ce ta fara shigowa.

Har yau ba ni da takarda, kuma idan aka ce in rantse a kan yadda yayana ya cika, ba zan iya ba. Amma na gane cewa tsoron kada in faɗi kuskure ya sa na aikata wanda ya fi shi girma. Ina roƙon 'yan'uwana masu karatu, idan ruwa ya tafi da naku bai dawo da gawa ba, ku nemi tabbaci iyakar ƙoƙarinku, amma ku dubi wadda ta yi shiru a tsakar gida, ku tambayi manya ma'anar shirunta. Allah ya jiƙan yayana a duk inda yake kwance.