Filasko da Kunyar Ɗan Fari

Na karanta tarihin dauloli da dama, na kuma koyar da shi shekara da shekaru, har na kai ga matsaya guda da ba zan janye ba: zaman lafiyar kowace al'umma yana rataye ne a kan ko magidantanta sun samu zagayawa da safe. Masu littattafai suna ɗora rikici a kan filaye da iyakoki, don su ne abin da ake iya faɗa gaban jama'a. Amma duk wanda ya tashi a gida mai tsoho ya sani, ranar da maigida ya shiga makewayi da buta ya fito fuska a sake, ko akuya ta ɓarar masa da fura dariya zai yi. Ranar da ya fito yadda ya shiga, har kaji sun san su bi ta bayan rumbu.

Mahaifina ya yi shekarunsa na ƙarfi a masana'antar siminti ta Malbaza, kullum a tsaye, kullum cikin zufa. A lokacin sau ɗaya yake shan filasko a shekara, bayan Layya, kamar kowa a unguwarmu. In an kwana uku ana cin soyayyen nama ciki ya ɗaure, sai a tsinko ganyen a bayan gari, a jiƙa da tsamiya, a sha da marece, gari na wayewa kowa ya kama buta. An wanke ciki ke nan, sai baɗi.

Da ya ajiye aiki sai ya koma zaman tabarma a ƙofar gida, yana kallon motocin siminti suna wucewa, cikin kuwa ya fara yi masa gardama. Filaskon shekara ya zama na wata, na wata ya zama na kowace Alhamis, kafin a ankara ya zama na kowane marece. Ga kuma ƙwayar hawan jini da aka ɗora shi a kai, irin mai sa yawan fitsarin nan.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba yana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Bai taɓa kiran sunana ba. In zance ya tilasta, "mai lakwal" yake cewa, wato mai makarantar boko. In na zo daga Illela inda nake koyarwa na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa yana duban wata itaciya can nesa. Ƙanwarsa ce ta riƙe ni, Gwaggo, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, kuma duk maganar da ke tsakanina da shi ta bakinta take bi. To mutumin da bai iya tambayarka ya hanya, ta ina za ka tambaye shi ya ciki?

Wani hutu na zo na ga ya tashi daga tabarma sai da ya dafa bango. Gwaggo ta ja ni gindin murhu. Mushe take ce mini, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu.

"Mushe, Babanka ƙafafu na ɗaure mishi, jam'i ma ya fara wuce shi. Kwanon filaskon da can rabi yaka sha, yanzu sai an cika. Kai da ka san komi, mi za a yi?"

Ban san komi ba, sai na tafi wajen majo, babban ma'aikacin likitar garin, wato asibitinmu. Ya saurare ni, ya ce filasko magani ne na gaske, shi ya sa ba a wasa da shi. Tsikarar hanji yake yi ya tilasta shi aiki. Na kwana biyu ko uku ne, in ya daɗe mako guda, abin da ya wuce haka sai da sanin likita. Shan kullum yana wanke ruwan jiki da wani gishiri da zuciya da jijiyoyi ke aiki da shi.

"Ƙwayar Babanku tana fitar da gishirin ta gaba, filasko yana fitar da shi ta baya," in ji shi. "Mi zai rage? Sannan hanjin ya saba, ba ya motsi sai an zabure shi."

Ya ƙara da cewa in akwai ciwon ciki mai tsanani, ko amai, ko jini a bayan gida, kada a sha ko kaɗan, a zo likita. Mai juna biyu da ƙananan yara kada a ba su sai an tambaya. Abin farawa da shi kuwa ruwa ne da yawa, da zogale da kuɓewa da wake, da tafiya a ƙasa. Har ya buɗe wani littafi ya nuna mini hoton ganyen da sunansa na boko.

Na koma gida na tsara maganar a takarda yadda nake tsara darasi, da gabatarwa da kammalawa. Na karanta wa Gwaggo sau biyu, tana gyaɗa kai tana tsince wake. Bayan la'asar ta tafi ƙofar gida, ni kuma na laɓe a zaure kamar ɓarawon kaza.

"Yaya, mai lakwal ya ce ka bar shan filasko."

Shi ke nan. Darasin da na ɓata rabin yini a kansa ya koma kalma tara.

"Mai lakwal ya zama likita?"

"Ya ce gishirinka na ƙarewa."

"To ki ƙara a miya. Ke da kullum miyarki lami."

"Lami? Shekara nawa kana lashe kwano?"

"Don babu wata. Ki hwaɗa mishi, tun ba a haihe shi ba nika shan filasko. Ganyen Allah ne, ba ƙwayar Nasara ba. Shi ya ji da allon shi."

Ina jin komi, taku biyar tsakaninmu. Ina da amsar kowace jimla, na ma shirya misali da rijiyar da ake ja ba a bari ta tara. Na taɓa tsayawa gaban sufeton makarantu na yi gardama har ya sauko. Amma taku biyar ɗin nan ban iya yin su ba. Na tsaya ina murza takarda har ta yi laushi.

Aka yi mako uku, wata safiya ya sunkuya alwala sai ya kife kan buta. Muka kai shi likita. Majo ya ɗaura masa ruwa, da ya dawo hayyacinsa ya fara yi masa tambaya, sau nawa a rana, mai tauri ko mai ruwa. Baba ya ƙura wa rufin ɗaki ido. Gwaggo ta zungure ni.

"Fita mana. Gabanka zai hwaɗi?"

Na fita na tsaya bakin taga. Daga nan na ji majo ya faɗa masa duk abin da ke cikin takardata, ba gabatarwa ba kammalawa, kuma cikin minti biyar Baba ya ce, "Na bari." Mutum ne da in ya ce ya bari, ya bari. Ranar Gwaggo ta juye sauran ganyen a murhu.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Majo ya riga ya ce hanjin zai yi nawa kafin ya tuna aikinsa, a yi haƙuri, in an kwana uku shiru a dawo wajensa. Gwaggo ta cika gidan da zogale har Baba ya ce an mai da shi tunkiya. Yana zuwa bakin kwalta ya dawo safe da marece, da gorar ruwa a hannu, fuska a murtuke. Kaji suka koma bin bayan rumbu. Ƙafafun sun saki, ya koma jam'i, amma shiga makewayi ya zama shari'a, wata rana a yi nasara, wata rana a ɗage zama.

Na koma Illela da abin a raina. Duk wannan jinya ba abin da na tsinana sai tsayuwa bakin taga. Ran nan na biya ta Konni, a bakin tasha na ga wani mai tebur da kwalayen shayi jere. Ɗaya kore ne, da hoton wani dattijo yana murmushi, an rubuta da manyan haruffa cewa ganye ne zalla, mai sauƙi ga ciki. Na ce wa mai teburin tsoho nake da shi, an hana shi filasko.

"Mushe, ai wannan ya wuce filasko. Wannan na 'yan boko ne, a hankali yake aiki. Alhazai ke saye."

Mota na ƙoƙarin tashi, na karɓi kwali uku na aika wa Gwaggo. Ni ne malamin da ke rage wa yara maki in ba su karanta tambaya har ƙarshe ba.

Sai bayan wata biyu na samu zuwa gida. A hanya na biya likita in gaida majo, aka ce an yi masa canjin wurin aiki, wanda zai maye shi bai iso ba tukuna. A gida Gwaggo ta tarye ni da guɗa ƙasa-ƙasa.

"Mushe, ka yi abin kai! Tun da shayinka ya zo, kullum da sahe lafiya lau. 'Yar jakar shayi guda yaka sawa da farko, yanzu biyu. Kwalin ma ƙarƙashin matashinshi yaka aje shi, ko ni ban taɓawa."

Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa yana duban itaciyarsa. Sai kuma ya yi gyaran murya, ya ce wa itaciyar, "Wanda ya aiko shayin nan, Allah shi yi mishi albarka. Karatu bai zama banza ba."

Shekarata arba'in da 'yan kai, wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi a kaina ina wurin. Na kasa ɗaga kai. Aka kira la'asar, ya yunƙura zai tashi, sai na ga hannunsa ya nemi bango. Ya dafa, ya tsaya ya huta, sannan ya ja ƙafa zuwa masallaci.

Na roƙi Gwaggo ta ɗauko mini kwalin kafin ya dawo. Ta kawo a ɓoye cikin zane tana cewa in yi sauri. Na zauna a zaure na juya bayansa, wurin ƙananan haruffan da ban duba ba a Konni. Ganye ɗaya aka lissafa, da sunan da majo ya nuna mini a littafinsa. Ban yarda da idona ba, na yage jaka guda na zuba a tafin hannu na sansana.

Filasko ne, an daka shi an ɗura a takarda.