Kwalbar da Ba Ta Tambayi Mama Komai Ba

Wata ranar Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Ni da ƙanwata Hauwa muna 'yar carafke a gindin rijiyar gidan hayarmu a Samaru, sai ga Maman Emeka, maƙwabciyarmu mai sayar da gari da manja, ta shigo tana haki da wata kwalbar magani naɗe cikin jarida. Daga kasuwar Sabon Gari take. Ta nufi ƙofar ɗakinmu inda Mama ta zabga tagumi, tiren shinkafar da za ta tsince yana kan cinyarta ko taɓawa ba ta yi ba. Ta ce, "Maman Rifkatu, karɓi ki sha. Lokacin da shagona ya ƙone shi na sha, na yi barci kamar jaririya."

Baba soja ne a barikin Basawa. Tun saukar ruwan fari aka kwashe su aiki wata ƙasa, shiru, babu labari. Mama ta daina barci, zuciyarta na dukan uku-uku. Takan zuba gishiri sau biyu a miya, a zumuntar mata ta coci kuma, ita da ke ba da waƙa, sai ta tsaya a tsakiya ta rasa abin da ke gaba. Mu muka ɗauke ɗiban ruwa da shara da cire ciyawa a 'yar gonar masarar da ke bayan gida, muna yi muna leƙen fuskarta.

Da Kaka Laraba, mahaifiyar Mama, tana gida, kwalbar nan ba za ta tsallake zaure ba. To ta tafi ƙauye noman gyaɗa. Kaka ba ta taɓa ba mutum ko ganye ɗaya ba sai ta zaunar da shi a tabarma, ta riƙe tafin hannunsa, ta duba harshe da ƙwayar ido, sannan ta shiga tambaya kamar alƙali. Kina yawan gumi? Ruwan randa kike so ko mai ɗumi? Yaya cikinki yake yi da yaji? Mai jikin zafi, wadda damuwa ke sa wa faɗa da ƙishi, jiƙon tsamiya da zoɓo take ba ta, mai sanyi. Mai jikin sanyi, wadda ke kwanciya ta yi lamo ƙafafu kamar ƙanƙara, sai ta dafa mata citta da kanumfari da ɗoɗɗoya. Mai ciki kuwa ko zoɓon ba ta ba ta, sai kunu da hira da addu'a. Lokacin jarrabawa ni tsamiya nake samu, Hauwa citta, mu laɓe bayan ɗakin girki mu yi musayar kofi, ta kama mu ta ja mana kunne tana cewa, "Uwa ɗaya ta haife ku, amma ba jiki ɗaya ta ba ku ba."

Mama ta sha ran Asabar, ta ƙara ran Lahadi kafin coci, tana yamutsa fuska don ɗaci. Da la'asar muka ji ta tana nishi. Matan gida suka kore mu waje, na ga an fito da zane jiƙe da jini, aka sa ta a tasi sai asibiti. Ashe ciki gare ta, ƙarami. Ba wanda ya sani, har Baba, domin a wurinmu mace ba ta faɗin ciki da bakinta, sai ya fito ya faɗi kansa. Kaka kaɗai ce za ta dubi idonta ta gane. Likita bai ce kwalbar ce kaɗai ba, ya ce damuwar ma tana da nata. Na yarda. Amma har ranar da ta sha, cikin yana nan.

Ban taɓa riƙe Maman Emeka a zuciya ba. Ita jikinta ya karɓa, ta ɗauka na kowa zai karɓa, kuma ta yi kuka har muryarta ta dushe. Wanda nake jin zafinsa har yau shi ne mai maganin. Da Kaka ta dawo, ta shinshina kwalbar, ta ɗaura gyale ta ja hannuna muka hau bas zuwa Sabon Gari. Muka same shi kusa da tasha, lasifika a kan tsohuwar mota, yana ta ihu: basir, shawara, sanyi, faɗuwar gaba, babba da yaro, mace da namiji, duk kwalba ɗaya! Kaka ta faɗa masa abin da ya faru. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Haba Iya, ai ba a ce min tana da ciki ba." Ta ce, "Ka tambaya?" Sai ya juya ya ƙara wa lasifikarsa murya. Kaka ta tuttular da sauran maganin a kwata a gabansa, muka taho.

Baba ya dawo lafiya bayan girbi. Mama ba ta sake haihuwa ba.

Yanzu lasifikar ta koma cikin waya. Kullum sai wata ta turo min bidiyo, maganin damuwa na kowa da kowa, wai a aiko miki har gida. Mutumin da bai taɓa ganin tafin hannunki ba, ina ya san jikinki? Ina addu'a, ina kuma koya wa 'ya'yana yafiya, amma in na tuna da ɗaga kafaɗar nan bakina yakan yi nauyi, Allah ya gafarta min. Ban san ko rubu'in abin da Kaka ta sani ba, shi ya sa in 'yata ta kasa barci nakan zaunar da ita in riƙe hannunta in yi ta tambaya, in ya fi ƙarfina mu tafi asibiti. Da an tambayi Mama, wataƙila yau mu uku ne.