Cikin Yaya da Ya Kwanta

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin ungozoma aka fara koya mana yadda mutum yake tsira a cikin mahaifa. An kai mu wani ɗaki inda aka jera kwalabe a kan kanta, kowace da ɗan tayi a cikin ruwan magani, daga mai kamar ƙwayar wake har zuwa wanda farce ya fito masa. Wasu 'yan ajinmu suka fita da gudu suna kelaya amai. Ni ko gezau. Na duba yatsun na kwalbar ƙarshe, na ga sun cika, na koma na zauna. Ƙawata ta ce anya ina da zuciya kuwa? Na ce ina da ita mana, mai ɗaki huɗu, ai an koya mana a zangon da ya wuce.

Malamarmu ba ta da kwana-kwana. Ta ce tayi ba ya hutu: ko dai yana girma kullum, ko kuwa ya mutu. Na ji maganar ta shige ni kamar ruwan randa, babu zafi babu daɗi. Yayata kawai na tuna.

Ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goye ni. Tana aure a wani ƙauye bayan Danja. Mijinta manomin tumatir ne, mota ta kife da shi da kwandunansa a hanyar kasuwa, ko shurawa bai yi ba. Ba su taɓa haihuwa ba, amma ya bar ta da ɓatan wata biyu. Bayan sadakar arba'in ta ga jini, sai tsofaffin gidan suka ce firgita ce ta sa cikin ya kwanta, zai tashi in lokacinsa ya yi. A wajenmu wannan ba abin mamaki ba ne, kowace unguwa akwai wanda ake cewa ya shekara uku a cikin uwarsa.

To mai ciki kuwa ba ta fita takaba sai ta haihu. Damina biyu ta wuce Yaya tana ɗakin mamacin, babu kwalli, babu lalle, babu kitson ado, babu zuwa biki. Ana ta ɗura mata rubutu da saiwoyi don cikin ya motsa. Jinin da take gani wata-wata aka ce kwantaccen ciki ya gaji haka. An yi da ita a je Malumfashi a ɗauki hoton cikin, ta ce a'a, na'ura za ta razana shi.

Da aka ba mu hutu sai ta aiko a ce mini in zo, in taho da abin jin cikin nan namu. Wani ɗan ƙarfe ne kamar mazurari, ana kara shi a ciki a saurari bugun zuciyar jariri. Na jefa shi a jaka, na shiga bas daga Funtua, na hau acaɓa daga Danja ta cikin gonakin rake. Duk tsawon hanya ina jira in ji tsoro ko tausayi, ban ji komai ba sai ƙishirwa.

Na tarar da surukarta a ƙofar ɗakin tana ɓarzar masara.

"Lale da likita," in ji tsohuwar. "Shiga ki jiyo mana ɗan malalacin nan, ki ce masa kakarsa ta gaji da jira."

Yaya ta rame, sai idanu. Ta saki labule, ta kwanta a kan tabarma, ta sassauta zani da kanta. Na murza hannuwana suka yi ɗumi kamar yadda aka koya mana, na fara lalube daga ƙasan cibiya. Cikin laushi tiɓis. Inda ya kamata hannuna ya ci karo da mahaifa, nutsewa ya yi. Na kara mazurarin na sa kunne. Na ji kukan hanji. Na ji bugun jininta ita kanta, a hankali, irin na babban mutum. Na matsa dama, na matsa hagu, na daɗe fiye da yadda aikin yake bukata.

"Auta," ta ce, "barci yake ko?"

Na ɗago. Na san in na ce barci yake, wata daminar ma a ɗakin nan za ta same ta. In na faɗi abin da na sani, ɗan abin da mijinta ya bar mata ya tafi ke nan.

"Yaya, babu kowa a ciki."

"Ko dai kunnenki ne?"

"Ba kunnena ba ne. Ya daɗe da tafiya. Tun jinin farko."

Muryata ta fito daidai da ta malamarmu, har na tsani kaina. Yaya ba ta yi kuka ba. Ta zuba wa rufin ɗakin ido, a waje kuma dutsen niƙa ya tsaya. Can ta tashi zaune ta ɗaura zaninta.

"Ashe na fita takaba tuntuni," ta ce.

Na ce e, ta fita.

Ta zare ɗankwali. Gashin ya cukurkuɗe, furfura ta tsirgo a gaban goshi, ita da ba ta kai arba'in ba. Ta juya mini baya ta zauna tsakanin ƙafafuna, yadda nake zama a tsakanin nata ina ƙarama.

"Yi mini kitso. Ƙanana, irin waɗanda yake so."

Na nemo tsinke da man kaɗanya na fara tsaga. Sai da na yi nisa na leƙo ta saman kafaɗarta, na ga har yanzu tafin hannunta yana kan mararta, tana shafawa a hankali.